Baƙunci a tsaunukan arewacin Albaniya

Abokin karatuna a Istanbul ɗan Shkodra ne, babban birnin arewacin Albaniya, kuma shi ya matsa sai na bi shi gida a wani hutun bazara. Ni dai Tirana, babban birnin ƙasar, nake son gani, da ganuwar Kruja inda gwarzon Albaniya Skanderbeg, wanda ya mutu a 1468, ya yi ta fafatawa da Daular Usmaniyya. Ya ce waɗannan ko ni kaɗai zan iya zuwa. Abin da ba zan samu ba sai da ɗan ƙasa shi ne kwana a gidan mutanen tsauni, saboda haka muka nufi Theth, wani ƙauyen Kiristoci 'yan Katolika a cikin kwari.

Tun a hanyar Tirana zuwa Shkodra na fara ganin abin da ya ɗaure min kai. Gidajen da ba a gama ginawa ba, kusan kowanne da 'yar tsana a rataye a jikin rodi, wani da kan tafarnuwa, wani da ƙahon rago. Suna kiran 'yar tsanar dordolec. Abokina ya ce maganin mugun ido ne: mai wucewa ya kalli tsanar, hassadarsa ta tsaya a can, gidan ya tsira. Abin da mu muke tsoro daga baki muna cewa kambun baka, su daga ido suke tsoronsa. Shi ya sa ya gargaɗe ni kada in yabi jariri ko saniya ban haɗa da "marshalla" ba. Masha Allah ce dai, ta shigo musu ta hannun Turkawa, kuma Kiristansu ma ita yake faɗa. Ya kuma ce in lura da kai: dattijo in ya kaɗa kai gefe da gefe, sau da yawa "e" yake nufi, don haka in jira in ji "po" (e) ko "jo" (a'a) daga bakinsa.

Babbar damuwata ita ce raki. Giya ce mai ƙarfi da suke dafawa a gida, da inabi ko wasu 'ya'yan itace, kuma ita ake fara miƙa wa baƙo tare da gahawa, ko da safe ne. Ƙin karɓar abin da mai gida ya miƙo ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Dabarar da ta yi mana aiki mai sauƙi ce, abokina ya kira ɗan mai gidan tun muna Shkodra ya gaya masa baƙon Musulmi ne, ba ya shan giya, ba ya cin alade. Da muka isa, dattijon ya tarye mu a bakin ƙofa, ya zaunar da ni a wurin da ya fi daraja kusa da murhu. Ya ɗauko kwalbar duk da haka, ya ɗaga ta wajena yana murmushi. Na ɗora hannu a ƙirji na ce "faleminderit", wato na gode. Ya zuba wa kansa, ya yi wa matarsa magana, sai ga shayin wani ganyen tsauni da suke kira çaj mali an kawo min da zuma. Ya ɗaga ƙaramin kofinsa, na ɗaga nawa. Ɗansa ya fassara min cewa Baba ya ce baƙo ba ya zaunawa hannu wofi, me ke cikin kofin kuma ruwan baƙo ne.

Uwar gidan ba ta buƙaci wani bayani ba. Tukunya daban ta ware, ta kawo burodin masara da cuku da kindirmo da wake. Washegari ta yi fli, abincin da ya fi komai cin lokaci a yankin. Ƙullun fulawa ne ake shafawa a babban faranti siriri-siriri, a rufe da murfin ƙarfe da aka zafafa da garwashi, in ya gasu a shafa mai da kirim, a ƙara wani ƙullun a kai. Haka ta yi ta yi tun hantsi har bayan azahar, tana tsugune a tsakar gida. Na tashi zan taya ta ɗaga murfin, dattijon ya daka min tsawa cikin wasa. Baƙo ba ya aiki.

Duk wannan yana da tushe a Kanun, dokar gargajiya da ake jingina wa Lekë Dukagjini, wani basarake na ƙarni na 15. Da baki aka riƙa gadonta har wani limamin Katolika, Shtjefën Gjeçovi, ya bi ƙauyuka ya tattara ta. An kashe shi a 1929, aka buga aikin nasa a Shkodra a 1933. A cikinta ne aka ce gidan Ba'albane na Allah ne da na baƙo. Baƙo in ya shigo da bindiga, mai gida zai karɓa ya rataye, daga nan ransa yana wuyan mai gidan har ya raka shi iyakar gari. In aka kashe shi kafin nan, mai gidan ne zai nemi jininsa, kuma jinin baƙo ba ya cikin wanda ake yafewa.

Nan ne abin ya fara yi min nauyi, domin dokar da ta sa aka ba ni wurin zama mafi kyau ita ce kuma dokar ramuwar jini. A tsakiyar Theth akwai wata hasumiyar dutse, tagoginta 'yan ƙanana kamar na leƙe, ana hawa benenta da tsanin katako. A irinta mazan da ake bin danginsu jini suke kulle kansu, dattawa kuma suna kai-komo neman sulhu. Kanun ta hana kashe mutum a cikin gida, ta cire mata da yara da limamai daga ramuwa, don haka maza suna ciki, mata suna noma. Akwai kuma besa, alkawarin da ba a karyawa. Dangin mamaci sukan ba wanda ya yi kisa besa ta awa 24, ya zo jana'iza ya ci abinci a gidan ba mai taɓa shi, gari kuma yana iya roƙa masa ta kwana 30. Gwamnatin kwaminisanci ta Enver Hoxha ta danne wannan doka da ƙarfi, amma bayan faɗuwar kwaminisanci a farkon shekarun 1990 ramuwar ta sake ɗago kai a wasu wuraren arewa, galibi kan rikicin filaye, kuma sau da yawa ba tare da kiyaye iyakokin da dokar ta gindaya ba.

A ganina masu yawon buɗe ido suna yi wa mutanen nan rashin ladabi a wannan batu. Na ga wani Bature a teburin cin abinci yana tambayar ɗan gidan ko danginsu sun taɓa kashe wani, fuskar yaron ta canza nan take. Tambaya irin wannan a hasumiyar ake yinta, wurin mai yi wa baƙi bayani. A gida kuwa, dattijon da kansa ya fi son a yi maganar besa ta wata fuskar, yadda iyalai Musulmi da Kirista suka ɓoye Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, har aka gama yaƙin Yahudawan Albaniya sun fi yawansu na kafin a fara.

Batun kuɗi ma sai da lura. Gidajen Theth yawancinsu yanzu masauki ne, akwai kuɗin ɗaki da na abinci, kuma galibi da tsabar lek, kuɗin ƙasar, ake biya, don haka a ciro tun daga Shkodra. Amma abin da aka ba ka don kai baƙo ne, kamar kwalbar zumar da uwar gidan ta cusa min a jaka, ba a fito masa da kuɗi. Ni dabino na riƙo da ɗan turare, sun kuwa karɓu.

Ranar tafiya ɗan gidan ya raka mu har inda hanyar ƙafa ta fara hawa, sannan ya juya. Daga Theth zuwa Valbona, kwarin da muka nufa, wajen kilomita 17 ne, ana tsallake wata mashiga mai tsayin kusan mita 1,800, kuma dusar ƙanƙara tana rufe ta har kusan watan Yuni. Hawan yana cin gwiwa, gangarowar ta fi ci. A tashi da asuba, a sa takalmi mai kama ƙasa.

Mutanen kwarin Valbona galibi Musulmi ne, sai na saki jiki, ban ce abokina ya kira kowa ba. A 1967 Hoxha ya rufe masallatai da coci-coci gaba ɗaya, ba a sake barin ibada a fili ba sai 1990, kuma tsarar da ta tashi a tsakanin addini suna ne kawai a wurin da yawansu. Mai gidan da muka sauka ya yi murna ƙwarai da jin sunana, ya ce sunan kakansa ne, ya rungume ni, ya shiga ciki ya fito da kwalbar raki da kofuna uku.