Gansakukar Ayislan da Na Sha a Madara

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Ayislan, amma har yanzu in na rufe ido filin Eldhraun nake gani. Dutse ne da ya narke ya malale lokacin aman wutar Laki a 1783, ya daskare, sannan gansakuka ta lulluɓe shi kamar an shimfiɗa bargo mai kauri, toka-toka da kore, har inda ido ya tsaya. Mu a gida gansakuka abin ƙyama ce, ta kan kududdufi ko jikin katanga da damina. Can dukiya ce.

Ƙafa ɗaya na sauke daga turbar da aka killace, sai wani mai gadi ya daka mini tsawa gaban mutane, ba ko gaisuwa. Gaskiya ya faɗa, domin sawu ɗaya kan ɗauki gomman shekaru kafin ya warke, amma a wurinmu ko yaro ba a yi wa gyara haka.

Wadda ta wanke mini zuciya ita ce dattijuwar da na sauka a gonarta kusa da ƙauyen Kirkjubæjarklaustur. Da ta ji ina tari, ta ɗauko wani busasshen abu mai ruwan ƙasa, a nannaɗe kamar busasshiyar rama, ta jiƙa, ta tafasa a madara da sukari. Na ce, "Iya, wannan fa?" Ta ce Turawan Ingila gansakukar Ayislan suke ce masa, su kuma fjallagrös, wato ciyawar dutse. To, ba ciyawa ba ne, ba kuma gansakuka ba. Halittu biyu ne a jiki ɗaya: dangin funfuna da ƙwayoyin kore masu haɗa abinci da hasken rana. Ba shi da wata dangantaka da bargon da na taka. Ɗacinsa ya tuna mini shuwaka, sai dai da sauƙi. Ta ce kakanninsu da shi suka riƙa ƙara auki a burodi da kunu lokacin da hatsi ya yi wuya. Ta ƙi karɓar ko sisi, har ta ƙulla mini guzuri. Wannan karamci ya taɓa ni ƙwarai a ƙasar da kwanon miya ɗaya ya cinye kuɗin cefanen gidana na kwana uku. Tsadar ta wuce hankali, kuma ba a taya kaya ko kaɗan.

A gabas na ga farar "gansakukar barewa", ita ma irin ta Iya ce. A tafkin Mývatn aka ba ni labarin koren dunƙule da ake kira ƙwallon gansakuka, alhali ba irin ta Eldhraun ba ne, ɗan'uwan koren kududdufinmu ne. Ya yi ƙaranci sosai, ban samu ganinsa ba. Daga nan garin Akureyri, sai filin jirgin Keflavík cikin ruwan sama.