Garin da na zaɓa ranar Asabar

Ranar da na fara zuwa duba garin da za mu koma, Asabar ce da hantsi. Hanya fayau. Cikin minti 40 na taso daga ƙofar ma'aikatar da ta ɗauke ni aiki na isa gidan da dillali ya nuna mini: ɗaki uku, fili a tsakar gida inda yara za su yi guje-guje, kuɗin haya kuma bai kai rabin na cikin birni ba. Ban yi wata-wata ba na sa hannu a takardar haya ta shekara guda. Litinin ɗin farko da na fita aiki daga gidan, tafiyar nan ta minti 40 sai da ta ci awa ɗaya da rabi, haka kuma da yamma.

Wani dare na zauna da biro na yi lissafi. Awa 3 a rana, awa 15 a mako. A mako 48 na aiki, awa 720 ke nan, wato kwana 30 cur, dare da rana. Wata guda a kowace shekara ina zaune a mota ina kallon bayan wata motar. Rarar kuɗin hayar da nake murna da ita ma, da na cire na mai, da gyaran mota, da tayoyin da ke saurin cinyewa, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Daga baya na ci karo da bayanin wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti. A 1994 ya nuna cewa tun zamanin da ƙafa ce abin hawa, ɗan Adam kusan awa ɗaya yake kashewa a rana wajen zuwa da dawowa, shi ya sa faɗin tsofaffin birane bai cika wuce kilomita 5 ba. Da aka samu jirgin ƙasa da mota, mutane ba su rage lokacin tafiya ba, nisan suka ƙara. Ni kuwa na ninka awa ɗayar nan sau uku. A 2008 kuma wasu masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bincika bayanan iyalai a Jamus, suka gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki ba su kai sauran jin daɗin rayuwa ba, kuma albashi ko gida mai kyau bai cike musu gurbin ba. Da na karanta, sai na ga kamar da ni suke.

Amma abin da ya fi damuna har yau ba gajiyata ba ce. Da aikina kaɗai na auna garin. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce, shekara 9 tana aiki kafin mu tashi, kuma na ɗauka mai irin sana'arta ba ta rasa wuri. Garin ƙaramin asibiti ɗaya gare shi, ba sa neman kowa. Manyan asibitoci suna cikin birni, aikinsu na karɓa-karɓa ne, wani lokaci a tashi da dare, motar haya ta ƙarshe zuwa garinmu kuwa tana barin tasha tun kafin a tashi. Motarmu ɗaya ce, tana hannuna. Wata 7 ta yi a gida.

Wata rana na dawo a gajiye ina ƙorafin cunkoso, ta bari na gama, sannan ta ce, “Maigida, kai hanya ce ta yi maka tsawo. Ni ko hanyar ba ni da ita.” Ban samu abin faɗa ba, don gaskiya ta faɗa.

A neman aikin nata muka koyi abubuwan da ya kamata a ce mun sani tun ba mu ɗaure kaya ba. Takardar shaidar aiki daga tsohon wuri ta fi sauƙin samu kana ciki. Da ka tafi, sai ka yi ta bugun waya. Duk sana'ar da ke da rajista ko lasisi, a tabbatar takardun suna nan daram kafin a tashi. Sannan a ƙaramin gari, ba kowane gurbi ake tallatawa a intanet ba. Ta tura takardun neman aiki ba adadi, shiru. Aikin da ta samu, a bakin ƙofar makarantar yara ta ji labarinsa, daga wata uwa da suke jiran tashi tare. Ni ma na yi ganganci: na ɗaure kaina da hayar shekara alhali ina cikin watannin gwaji a wurin aiki. Da ba a tabbatar da ni ba, da mun maƙale a garin da hanyarsa ɗaya ce tak, zuwa ma'aikatar da ta sallame ni.

Aikin nata a wani gari yake, ni gabas, ita yamma, yara a tsakiya. Ba mu ga illar haka ba sai ranar da aka kira daga makaranta cewa ƙaramin ya kwanta da zazzaɓi. Ita tana kan marar lafiya, ba halin fita. Ni na taso nan take, amma kafin in iso wata maƙwabciya, Allah ya saka mata, ta riga ta ɗauko shi ta kai asibiti. A hanyar nan na yanke shawarar cewa da hayar ta ƙare za mu tashi.

A karo na biyu tare muka yi zaɓin. Muka sa ɗigo uku a taswira, wurin aikina, nata, da makaranta, muka yarda cewa dole ɗayanmu ya iya isa ga yara cikin minti 20. Kowace unguwa muka sa a rai, sai na bi hanyarta Litinin da ƙarfe 7 na safe, na sake bi da yamma, har da ranar da ake ruwa, ina auna lokaci daga ƙofa zuwa ƙofa, da jiran mota da neman wurin ajiye ta. Zuwa da kai ya fi aike. Na tambayi direbobin haya lokacin motar farko da ta ƙarshe, domin su suka san hanya, ba dillali ba. Na kuma duba ko akwai wata hanyar idan babbar ta toshe, da ko za a iya zuwa wasu wuraren aikin daga nan idan wannan ya kufce. Na roƙi shugabana ya bar ni in riƙa shiga da wuri ina tashi da wuri, ya amince; ashe tambayar ce kawai ban taɓa yi ba.

Gidan da muke ciki yanzu ɗaki biyu ne, ba fili, hayarsa ta fi tsada, yaran ma sun daɗe suna kewar wancan tsakar gidan. Tafiyata minti 35 ce. Ina isowa da sauran rana, ni nake duba musu aikin gida, kuma ranar da uwargida take aikin dare, ni nake kai ta.