Daren da kwaɗi suka yi shiru

Tawa, Laraba da dare.

Jiya an kwana ana ruwa. Wajen ƙarfe biyu ya ɗauke, na farka, barci ya ƙi dawowa. Na daɗe kwance kafin na gane abin da ke damuna: shiru ne. Muna yara, in aka yi ruwa irin wannan a watan Agusta, kukan kwaɗi ba ya barin ka ji maganar wanda ke kusa da kai. Inna takan ce tasbihi suke yi, kada wanda ya jefe su. Jiya biyu ko uku kawai na jiyo, can nesa.

Da hantsi na hau kabu-kabu zuwa garkar kawu a fadamar Tadis. Na tarar da autansa da famfon feshi goye a baya, silifa a ƙafa, babu safar hannu, babu abin rufe hanci. Da murfin kwalbar yake awon maganin. Na ɗauki kwalbar na duba: rubutun duk Turancin Ingilishi ne, irin kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Konni, kuma a gidan babu mai karanta shi. Kawu da launin murfi yake gane su, wannan na haki, wancan na ƙwari. Ƙasashen CILSS, ƙungiyar Sahel ta yaƙi da fari da ƙarancin ruwan sama, suna da kwamitin da ke tantance magungunan da aka yarda a sayar a Sahel, amma mai tebur a kasuwa ba ya tambayar kowa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan an gama feshi. Yaron ya gangara tabkin da ke ƙasan garka, ya tsoma famfon, ya girgiza, ya juye. Ruwan wurin ya yi fari kamar an zuba tsala. Na tsuguna a bakin tabkin. Ƴan kwaɗi masu wutsiya, waɗanda ko ƙafa ba su fitar ba, sun taru a gefe cikinsu a sama, iska tana kaɗa su cikin kumfa. Ga wani babba a kan laka, ƙafafunsa na baya a miƙe, maƙogwaronsa yana motsi a hankali. Na taɓa shi da kara, bai yi tsalle ba.

Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibaina a kwaleji cewa kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake sha, ta fata kuma yake wani ɓangare na numfashinsa, ƙwansa ba shi da ɓawo. Duk abin da ya shiga ruwa ya shiga jikinsa ke nan. Ina ba su labarin Tyrone Hayes na jami'ar Bakali a Amurka, wanda a 2002 ya nuna cewa ɗan kaɗan na maganin ciyawa atrazin yana dagula halittar mazan wani kwaɗon Afirka, har a sami alamun mace a jikinsu. Tarayyar Turai ta hana maganin a 2004. Ina rubuta musu a allo cewa ƙididdigar IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta 2023 ta sami kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi a duniya cikin haɗarin ƙarewa. Yau ne na fara ganin abin da idona, a tabkin da na koyi iyo.

Na ce, "Kawu, wannan ruwan fa shi awakinku ke sha."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, yayyenka uku, biyu suna Abijan, ɗaya yana Libiya. Wa zai yi mini noma? Kuɗin ƴan ƙwadago na yini biyu ya saya mini kwalbar da za ta share garkar nan duka."

Ban iya ce masa komai ba, don gaskiya ya faɗa. Mutum mai shekara saba'in ba zai duƙa da hauya ya yi faɗa da hakin damina shi kaɗai ba. Kuma ba magani kaɗai ne ya ci kwaɗin ba: rairayi yana cike tabkin, ruwansa yana ƙafewa da wuri. Amma kawu da bakinsa ya ce burduddugi, wanda da yake cika ramukan rijiyoyin garka, ya manta rabon da ya ga ɗaya. Ya ce bara sau biyu ya ƙara yawan feshi a albasa, ƙwarin ba su ji ba. Na ce masa ai masu cinye masa fari da tsutsa da dare, kyauta, su ne waɗannan da ke kwance a laka. Ya dube su ya daɗe, ya ce, "Duniya juyi-juyi, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi." Babu dariya a fuskarsa.

Ban nemi ya daina feshi ba, na san ba zai yiwu bana ba. Abu ɗaya na roƙa, kada a ƙara wanke famfo a tabki. Bayan azahar ni da autan muka haƙa rami a kan tudu, nesa da ruwa da rijiya, inda za a riƙa juye ruwan wankin. Muka tattara kwalabe bakwai da ke yashe cikin shinge, muka huda su don kada yara su zuba ruwan sha a ciki. Jibi zan kai masa safar hannu da takalmin roba.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya. Hadari ya sake haɗowa daga gabas, na bar taga a buɗe.