Keken kare: wuyar aikin a wurin awo take

Sana'ata ita ce ƙera keken da karnuka masu shanyayyun ƙafafu ke tafiya da shi. Ƙaramin kamfani ne, kuma yawancin karnukan da ake kawo mana ƙafafun baya ne suka mutu. Akwai Dachshund, gajeren nan mai dogon baya, wanda faifan ƙashin bayansa kan zame ya danne laka. Akwai kuma German Shepherd, wanda daga shekara 8 zuwa sama wata cuta kan ci lakarsa sannu a hankali, ya riƙa jan ƙafa har farcensa ya goge.

Ba na taɓa ƙarfe sai na ji abin da likitan dabbobi ya ce. Daga nan mu zura tawul a ƙarƙashin cikin karen, mu ɗaga bayansa. Idan ya taka da ƙafafun gaba da ƙarfinsa, keke mai taya biyu ya ishe shi. Idan ya durƙushe, sai mai huɗu.

Lanƙwasa alminiyum ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin kafa tayoyin. Lafiyayyen kare ma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, wato tun asali kafaɗunsa na ɗauke da kaya. Ka ja tayoyin baya da yawa, ka ƙara musu nauyi. Ka kawo su gaba fiye da kima, keken ya riƙa ɗaga ƙirjinsa sama. Shi ya sa nake auna tsawo daga ƙasa zuwa matsematsi, da faɗin ƙugu, karen yana tsaye, bayansa a miƙe.

Abin da ya fi damuna maɗauri ne. Karen da bayansa ya shanye ba ya jin gogar da ake masa, ba zai yi kuka ba har fata ta saɓule ta zama gyambo. Don haka nake naɗe maɗaurin da soso mai laushi, in bar masa sarari ya yi fitsari da kashi ba tare da an cire shi ba. Mai kare kuwa ina roƙonsa ya fara da minti 5 zuwa 10, ya duba fatar duk lokacin da ya sauke shi, domin babban kare ba ya iya kwanciya a cikin keke.

Ga mai cutar laka, wadda gaba take ci, ina barin ramukan ƙusa a jikin ƙarfen, yadda za a matsar da tayoyin ko a ƙara na gaba ranar da kafaɗun suka fara gazawa.