Kafin ku ɗauki jaka ku nufi Mambila

Kwanan nan ƙannena na unguwa sun dame ni da maganar Mambila, tudun nan na Jihar Taraba, kowa ya ga hoton tsaunuka kore shar a waya sai ya ce shi ma bana sai ya taka. Toh ni na je, kuma ina so ku je, wallahi wuri ne da ya kamata ɗan Najeriya ya gani da idonsa, amma ku zauna in faɗa muku inda na yi kuskure don kar ku maimaita.

Mu uku muka tashi daga Kaduna a watan Agusta, kuskuren farko kenan, don damina a can ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, wanda ya san wurin yakan jira Disamba ko Janairu. Mun kwana Jalingo, washegari muka bi ta Bali zuwa Serti, daga Mayo Selbe mota ta fara hawa tana nishi tana kwana-kwana har kunnena ya toshe, kafin mu kai Nguroje haƙorana na haɗuwa saboda rigar sanyi ɗaya tak na ɗauko mara nauyi, irin wadda muke sawa da hunturun Kaduna. Tudun nan ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, sanyinsa mai laima ne, yana shiga ƙashi.

Takalmi kuma sabo fil na saya ana jibi tafiya. Kar ku yi haka. Ku samu kambas mai ƙarfi ko da na gwanjo ne a Kasuwar Barci, ku yi sati biyu kuna yawo da shi, ku hau Kufena a Zariya ko dutsen Kagoro da jaka a baya ku ji yadda gwiwa take yi wajen saukowa, don saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ni awa uku da fara tafiya dunduniyata ta yi bororo ta fashe, safa ta manne da ciwon.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, abin da har yau yake damuna shi ne yadda muka shiga ƙauyen mutane. Mun baro Gembu, babban garin da ke kan tudun, da hantsi da ƙafa, muka ratsa wani ƙauye ba mu nemi mai gari ba, ba mu tsaya mun gaisa da kowa yadda ya kamata ba, abokina ma har ya ɗaga waya yana ɗaukar mata a bakin rafi ba tare da ya tambaya ba, ni kuma ina gani ban hana shi ba. A bakin gari wani dattijo yana gyara shingen shanunsa ya kira mu, ya ce "'ya'yana ina zuwa haka?" Muka faɗa masa. Ya kalli sama ya ce mu kwana, ruwa na zuwa bayan azahar kuma rafin da ke gaba in ya cika ba ya ƙetaruwa. Na duba taswirar waya na ga tazarar ba ta da yawa, na ce "Baba ai kusa ne, yanzu za mu kai." Bai ja da ni ba, ya ce Allah ya kiyaye.

Taswira ba ta nuna maka gangare da santsi, kilomita biyar a kan tudu ba irin daga Kawo zuwa Unguwar Rimi ba ce. Wajen ƙarfe biyu hazo ya sauko har ba na ganin wanda ke gabana, ruwa ya tsuge, jar ƙasar nan ta zama kamar sabulu, sabis ya ɗauke, cajin waya ya kusa ƙarewa, ga rafin yana ruri ya shanye duwatsun da ake takawa. Muka tsaya ƙarƙashin itatuwan turare muna kyarma, ba gaba ba baya.

Yaron dattijon nan ne ya same mu dab da magariba, ɗan kamar shekara goma sha huɗu, da sandarsa da buhun leda ya rufa a ka, ashe babansa ya turo shi ya bi sawunmu. A gidan mutumin da na ƙi jin maganarsa muka kwana. Aka hura mana wuta, aka kawo tuwon masara da kindirmo, shi da kansa ya riƙe tocila yana jiƙa safata da ruwan ɗumi har ta saki ciwon, bai ce mana ai na faɗa muku ba ko sau ɗaya. Kunyar da na ji a daren nan ta fi zafin ƙafar.

Don haka in kun shiga ƙauye ku fara da sallama, ku tambayi gidan mai gari ko jauro ku faɗi ko ku su waye da inda za ku, ku riƙe ɗan goro ko sukari da ganyen shayi, kar ku ɗauki hoton kowa sai da izini balle mata. Ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora ku biya shi da kyau, in ya ce a tsaya a tsaya. Ana jin Hausa sosai amma Fulatanci ya fi tafiya a can, ko "useko" kawai ka iya ta godiya za ka ga fuska ta sake. Ku riƙe tsabar kuɗi don tiransifa ba ta da tabbas, da dabino da ƙuli-ƙuli, ku ƙulle kayan sawa a leda cikin jaka, ku fita da asuba ku sauka kafin la'asar, kuma a babban titi ma ban da tafiyar dare, ku tambayi direbobi halin hanya kafin ku tashi. Masu burin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 a kan iyakar Kamaru, wannan yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti ne, sai da izini da ma'aikatansu, ku fara zuwa ofishinsu a Serti.

A gidan dattijon nan kuwa, da safe na miƙa wa Baba kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in dai za mu wuce mu koma bakin rafin nan mu ba matan haƙuri, a goge hotunan a gabansu. Muka je, abokina ya goge su ɗaya bayan ɗaya suna kallo, sannan yaron ya raka mu har inda ake samun acaba.