Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Bakwainin Goggo

A makon jiya na yi alkawarin ba da labarin tasowarmu daga Kakuri zuwa Tudun Wada a Kaduna, amma ku yi mini haƙuri, domin akwai wata kalma da ta tsaya mini a rai, kuma sai na sauke ta kafin in iya ci gaba.

An haife ni wata bakwai bayan ɗaurin auren iyayena. Inna ta sha gaya mini cewa a cikin auduga aka naɗe ni, da cokali aka riƙa ɗiga mini nono har na yi arba'in. Amma Goggo, yayar Baba, wadda tun farko ta so ya auri 'yar dangi daga ƙauye, ba ta taɓa kirana da sunana ba. Da na shigo ɗakinta sai ta ce, "Ga bakwaini mai ƙiba nan," tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙidayar kuɗin cefane. Ina yaro na ɗauka wasa ne, har dariya nake yi, ban lura da yadda Inna ke tashi ta shige madafa ba.

Goggo ba ta taɓa cewa shege ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Wannan kalma ta riga ta dushe a bakin yara da 'yan kamasho na tashar Kawo, har yabo ake yi da ita. Wadda ke yanka ita ce ta manya, ɗan gaba da fatiha, wadda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa bayan mutum ya juya baya. Mutanen da sun tanadar wa kowa suna: akwai agola, akwai bazawara, akwai mai zaman kanta, akwai masu zaman dadiro, akwai cikin shege. Namijin da ya yi cikin kuwa, har na girma ban ji sunan da aka ajiye masa ba.

Ban san nauyin yatsun Goggo ba sai a 1994, da na nemi aure a Unguwar Shanu. An karɓi kuɗin gaisuwa, sannan iyayen yarinyar suka shiga bincike kamar yadda aka saba, aka kai su wurin Goggo a matsayin babbar mace a dangi. Bayan kwana tara Kawu ya kira ni zaure, ya ajiye kuɗin a gabana cikin hankicin da aka kai su, ko kwance ƙullin ba a yi ba. Ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ba matarka ba ce." Daga baya na ji cewa abin da ta gaya musu kawai shi ne yaro ne mai hankali, sai dai bakwaini ne mai ƙiba.

Malamin da nake ɗaukar karatun Risala a wurinsa ne ya zaunar da ni. Ya ce a shari'a duk ɗan da aka haifa bayan wata 6 da aure na mijin ne, domin Suratul Ahƙaf ta ce ciki da yaye wata 30 ne, Suratul Baƙara kuma ta ce shayarwa shekara 2 ce, wato wata 24, saura 6 ke nan. Ya ƙara da cewa ko wanda aka haifa ba aure ba shi da laifin komai, yana gadon uwarsa, kuma wani rai ba ya ɗaukar zunubin wani. Na tuna da wannan zama a 2003, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sallami Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta, aka yi ta zancen kwantaccen ciki a rediyo, wanda malaman Malikiyya suka ce yana iya kai shekara 5. Littafi ya bar ƙofa a buɗe har haka, Goggo kuwa wata bakwai ma ta ƙi yafe wa Inna.

Abin da har yau nake jin haushinsa shi ne shirun Baba. Mutum ne da ba ya fashin tafsiri a Masallacin Sultan Bello, ya san hukuncin sarai, amma idan ya dawo daga masaƙa ya tarar Inna ta yi kuka, sai ya ce yaya uwa ce, ba a ja da ita. Ya rasu ba da jimawa ba bayan rufe masaƙar a 2002, na kuma ci gadonsa daidai da ƙannena, babu wanda ya ɗaga yatsa.

A gidana na Rigasa Goggo ta yi jinyarta ta ƙarshe, saboda 'ya'yanta duk suna nesa. Wata rana na shigo da maganinta, na tarar tana hira da uwargidana, sai ta ɗago ta ce, "Ɗan halak, ka ƙi ambato." Na ajiye maganin, na zuba mata ruwa a kofi. Kowa ma haka ake ce masa idan ya shigo ana zancensa, don haka ban tambaye ta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma Kakuri.