Gardamar fenariti a gidan kallo

Asabar, bayan sallar isha'i, Sakkwato.

Na dawo gida muryata a dushe, zuciyata kuma ba ta kwanta ba, shi ya sa na zauna rubutu kafin barci ya ɗauke ni. Bayan azahar na rufe shago, na goya ƙanena a babur muka nufi gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Mabera, domin akwai wasan gasar Firimiya ta Ingila. Rumfar kwano ce, fanka biyu kacal ke juyawa da ƙarfin janareta, benci ya cika har wasu suna tsaye a bakin ƙofa suna fifita da kwali. A hutun rabin lokaci muka yi sallar la'asar, muka dawo ana kunnen doki.

Saura minti kaɗan a tashi, ɗan wasan gaba ya kutsa yadi na sha takwas, mai tsaron baya ya miƙa ƙafa, sai ga mutum a ƙasa. Alƙalin wasa ya yi nuni da hannu a ci gaba. Can sai ya tsayar da wasa, ya dafe kunne, ya zana siffar talabijin da yatsunsa, ya ruga gefen fili. Aka yi ta maimaita hoton a hankali: ta wani ɓangaren kamar ƙwallo ƙafar ta fara taɓawa, ta wani kuma idon sawun ɗan wasan ta shura. Ya dawo ya ba da fenariti, aka buga, ta shiga raga. Rabin rumfar ya kaure da murna, ɗaya rabin ya miƙe da rantsuwa cewa an yi fashi da rana tsaka.

A teburin mai shayi gardamar ta yi tsanani, kuma Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda tun yana saurayi yake zuwa filin Giginya kallon wasa, shi ne ya riƙe bakin magana. Ya ce tun da hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta shigar da na'urar VAR, mai maimaita wa alƙali hoton bidiyo ya sake dubawa, cikin doka a 2018, shi bai ga an daina zalunci ba. Hujjarsa kuwa ita ce wasan Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta Rasha a waccan shekarar. Messi ya fara ci, Victor Moses ya rama da fenariti, sannan ƙwallo ta bugi kan Marcos Rojo ta sauka a hannunsa a cikin yadi na sha takwas. Alƙali ya je ya duba, ya dawo ya ce babu komai, daga baya Rojon nan ya ci mu a minti na 86, muka fita daga gasar. Kawu ya ajiye kofinsa da ƙarfi ya ce, "Ɗana, a wasan ƙarshe irin wannan hannun aka kama na Perisic aka ba Faransa fenariti. Mu ne ba mu da gata?"

Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, ni ma wannan daren bai bar raina ba." Sai dai na tuna masa wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Bouake, cikin Fabrairun 2024, tsakaninmu da Afirka ta Kudu. Muna gaba da ci ɗaya, Osimhen ya ƙara ta biyu, a wannan rumfar muka yi ta tsalle muna rungumar juna. Sai aka kira alƙali, aka koma baya, aka ga Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau ƙeta a cikin yadinmu tun kafin a kawo harin. Aka soke ƙwallonmu, aka ba su fenariti, Mokoena ya ci. Ban taɓa jin ɗacin hukunci irin wannan ba, amma da na sake kallon hoton da sanyin zuciya na ga ƙetar a fili take. Da mu aka yi wa ita aka ƙyale, da har yau muna kuka. Allah ya taimake mu mai tsaron gidanmu Nwabali ya kaɗe biyu, muka haye da 4-2 a bugun fenariti.

Abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da su shi ne na'urar ba ta yanke hukunci, nunawa kawai take yi. A dokar da aka fara da ita, abubuwa huɗu ne ake komawa a kansu, wato ƙwallon da ta shiga raga, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuskuren hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba, kuma sai idan kuskuren alƙali ya fito ƙarara. Amma ko taɓawar nan ta isa ta kayar da mutum, ko hannun nan yana inda ya dace, wannan ɗan Adam ne zai auna, kuma mutum tara yake bai cika goma ba. Ko a Ingila, a Satumban 2023, an soke halastacciyar ƙwallon Luis Diaz na Liverpool a gidan Tottenham saboda rashin fahimta tsakanin masu duba na'urar da alƙali, hukumar alƙalan ta fito ta amsa kuskurenta. Ni dai na fi son a duba a yi kuskure jefi-jefi, da a bar mai busa shi kaɗai yana gudu, ido biyu kawai gare shi.

Kawu bai yarda ba, kuma akwai maganarsa guda da ta tsaya mini a rai. Ya nuna ƙanena ya ce in lura da yaron nan. Gaskiya ne, lokacin da ƙungiyarsa ta ci ƙwallon farko yau bai tashi daga benci ba, ya ƙura wa alƙali ido yana murza hularsa a hannu, sai da aka mayar da ƙwallo tsakiya sannan ya yi murmushi. A shekarunsa mu ba mu san wannan jiran ba. Ina neman amsar da zan ba Kawu aka kira magariba, muka tashi muka yi alwala.